Hekta Ɗaya da Rabi

Shekarar da fara ta cinye Adar, Mati ya bar garinsu da gora da sanda, ya bar matarsa Hajo a ɗakin uwarta. Wata uku yana hanya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan motar goro, har ya iso Abijan ya sauka gidan Babani. Shi Babani ɗan garinsu ne, ya girme shi, ya daɗe yana fataucin goro a tsallaken ruwa, unguwar da daga baya aka sa wa suna Tireshbil. Shi ya ba Mati amalanke, ya zama mai tura huhunan goro daga bakin gada har kan tudun Ajame. Bayan shekara biyu Mati ya aika aka kawo masa Hajo, suka kama ɗaki a Boromakote. Ita kuwa ba ta yi mako ba ta kafa murhu a bakin kasuwar Ajame tana suyar ƙosai da manja.

Mati bai taɓa zama ɗan kasuwa ba, ko da yake cikin 'yan kasuwa ya zauna. Manomi ne ɗan manomi. Da Babani ya ga yana da amana sai ya fara aika shi ƙauyukan ƙabilar Ebriye da ke hanyar Abobo sayen goro, kuma a can ne ya gamu da Mobiyo, wani dattijo mai itatuwan goro. Ran nan Mati ya je ya tarar tsohon ya tafi su. Ya zauna jira, zaman ya ishe shi, ya ga adda a jingine, ga ciyawa ta shaƙe gindin itatuwa. Kafin Mobiyo ya dawo da kifinsa, ya share gindi bakwai. Tsohon ya tsaya yana kallo, ya tambaye shi da guntun Julancin da suke fahimtar juna da shi ko wa ya sa shi. Mati ya ji kunya, ya ce babu kowa, hannunsa ne ba ya iya zama.

Mobiyo ya yi dariya har ya ajiye kifin a ƙasa. Da damina ta gaba ta zo ya ja shi cikin kurmi, ya nuna masa daga wani rimi zuwa rafi, ya kakkafa wani tsiro mai jan ganye a iyaka, ya ce ya sare ya noma. Mati ya kai masa rago da turmin zane da gishiri. Daga baya Babani ya matsa aka je biro, ofishin Turawan mulki, aka yi takarda, kowa ya dangwala yatsa, kuma a ranar ne Mati ya fara jin cewa gonarsa hekta huɗu ce.

Ya fara da gero, don shi ya sani. Geron ya tashi ya wuce tsawon mutum biyu, ko zangarniya ɗaya bai fitar ba, Hajo ta yi shekara tana yi masa dariya. Mobiyo ya koya masa dashen kafe, wato kofi, a inuwar ayaba, da yadda ake jira shekara huɗu ba a ga komai ba. Ya jira. Kullum bayan asuba ya kama hanya, tafiyar sa'a guda da 'yan kai, ya dawo bayan la'asar ƙafa duk jar laka. Tsohon ba ya kiransa da sunansa, Jula yake ce masa, don a wurinsa duk mai salla daga arewa Jula ne. Shi kuma Mati yana ce masa Baba. Ɗaya ba ya cin yankan ɗaya, amma kifi da ayaba ba su taɓa raba su ba.

Kafen ya fara ba da 'ya'ya ke nan sai yaƙin Turawa ya tashi. Jiragen ruwa suka daina zuwa, buhuna suka taru a rumbu. Da aka dawo saye, na baƙin mutum daban kuɗinsa, na Bature daban, ko da bishiyoyin suna maƙwabtaka. Ga aikin tilas, ana kwashe samari daga ƙauyuka ana kai su gonakin Turawa da wajen saran katako. Mati ya yi ta haƙuri, ƙosan Hajo ne ya riƙe gidan.

Ana cikin shekara ta biyar da yaƙin sai labari ya cika kasuwar Ajame cewa gwamnati za ta tallafa wa manoman kafe da koko, jika guda, wato faran dubu, a kan kowace hekta. Mati ya ji a masallaci, ya sake ji a rumfar mahauta. Hajo ta wanke masa farar rigarsa ta buge ta, ya ninke takardar gona a aljihu ya gangara Filato, unguwar Turawa. Tun hantsi yake tsaye a ƙofar biro har azahar ta gota, sannan wani tafinta mai furfura da tabarau ya karɓi takardar ya duba. Bai yi masa tsawa ba. Ya sassauta murya ya gaya masa cewa tallafin na wanda yake da hekta ashirin da biyar ne, a dunƙule, a hannun mutum ɗaya. Mati ya tambaya, masu huɗu fa? Tafintan ya miƙa masa takardarsa ya ce ya yi haƙuri.

Ya hau tudu ya koma gida yana lissafin baƙaƙen mutanen da ya sani masu gona irin wannan, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Da Hajo ta tambaye shi, ya ce an ƙara wa Barno dawaki ne, ya cire rigar ya rataye.

Ba a yi mako uku ba ƙasa ta yi tsada a hanyar Abobo. Kurmin da a da ake ba mutum da rago da zane, yanzu akawuna ne ke yawo a kan keke suna tambayar mai shi. Duk wanda gonarsa ta kusa kai ashirin da biyar so yake ya cike ta kafin a rufe rubuta sunaye. Gonar Mati kuwa, ta sashen ƙasa, tana jingine da ta wani Bature da mutane ke kira Mai Lofe. Akawunsa ya tarar da Mati yana tsinkar kafe, ya ce maigidansa zai sayi gonar duka, jika goma sha biyu. Mati ya ce a sake faɗi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe jika biyu a lokaci ɗaya ba.

Washegari ya ƙetare gada ya je wajen Babani. Ya same shi a zaure ana yayyafa wa goro ruwa. Babani bai bari ya kai ƙarshen magana ba. Ya ce tsuntsu ne ya faɗo daga sama gasasshe, in ya bari ya tashi to babu mai tausaya masa. Ya lissafa masa: fili a Tireshbil, ɗakuna huɗu na haya, ɗan jarin goro, ya huta da lakar daji tun gwiwa ba ta gaza ba. Ko kuwa in gida yake so, ya ɗauki Hajo su koma Adar da mutuncinsu.

"Shekara nawa rabon yarinyar nan da uwarta?" in ji Babani.

"Goma sha ɗaya, Yaya."

"To, ka ji."

Wannan maganar ita ta bi Mati har gida. Hajo ba ta taɓa roƙonsa tafiya ba. Amma duk wanda ya zo daga Adar sai ta ajiye matsami ta tambaye shi tsohuwa, kuma bara wani ya ce mata idanun tsohuwar sun tafi. Ranar ba ta ƙarasa suya ba, ta ba maƙwabciyarta sauran ƙullun.

Kafin ya yanke shawara ya ga bai kamata ya yi komai ba sai Mobiyo ya ji daga bakinsa. Ya bi ta cikin gonarsa ya haura ta tsohon, wadda ke bayan tasa. Abin da ya gani ya tsayar da shi. 'Ya'yan kafe sun nuna sun zube, sun yi baƙi a ƙasa, ƙudaje na bi. Ɗan Mobiyo ɗaya ne namiji, Ake, kuma wata biyu ke nan da aka ɗauke shi saran katako. Tsohon yana can a tsakiyar gona da kwando, yana tsinka da hannu ɗaya yana dafe ƙugu da ɗayan.

Suka zauna a kan kututture. Mati ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a sunkuye. Mobiyo ya ce ai ya ji, shi ma akawun ya zo masa, ya ce masa ubansa da kakansa suna kwance a bayan rimin can, bai san yadda ake sa musu kuɗi ba.

"Amma kai, Jula, na ba ka ne," in ji shi. "Abin da na ba mutum ba na bin sa da ido. Ga furfura ta fito maka. In sayarwa ce alheri a gare ka, ka sayar."

Bai ce komai ba game da hanya. Mati ne da kansa ya lura, yana komawa, cewa 'yar turbar da tsohon da matarsa ke bi zuwa rafi ta cikin gonarsa ta ratsa, ta sashen sama. Mai Lofe kuwa waya yake ja wa gonarsa. In aka sayar duka, tsofaffin biyu sai sun zagaya ta bakin titi kafin su ɗebo ruwa.

Kwana biyu yana juya abin. Da safiyar na uku, Hajo tana tsakar gida tana surfa wake, ya jawo kujera ya zauna kusa da turmi, abin da bai saba yi ba. Ya ce mata ya yi niyya zai sayar, zai mai da ita gida gaba ɗaya, ta zauna kusa da tsohuwa. Ya ambaci turbar Mobiyo, ya ce zai roƙi Baturen ya bar musu ƙofa.

Hajo ta jingine taɓarya. Ta ce masa ita fa ba ta ce tana son komawa ba. 'Ya'yanta biyu suna kwance a maƙabartar Ajame, ba ta da wasu, kuma ba za ta tafi ta bar su babu mai zuwa ba. Uwarta take son gani, ta riƙe hannunta, ta nemi gafararta, ta dawo. Sannan ta dube shi ta ce, shi da ba ya iya zaman zaure na sa'a guda, in ya sayar da gonar me zai yi da hannuwansa, ya zauna yana ƙirga hayar ɗakuna?

Ta ɗauki taɓaryar, ta sake ajiyewa.

"Malam, shi Baturen nan, nawa ta rage masa ya cika ashirin da biyar ɗin?"

Ya ce bai sani ba, bai tambaya ba.

"Wanda ya zo sayen ƙosai da kwano a hannu, kwanon ake fara dubawa," in ji ta.

Kukun Mai Lofe, wani Bamoshe, yana zuwa cefane kasuwar Ajame duk Talata da Juma'a, kuma ba ya wuce murhun Hajo. Ran Juma'a ta cika masa gyara, ta ja shi da hira. Mutumin yana jin Faransanci, kuma shi ke kai abinci tebur. Ya ce ai maganar ke nan kullum a gidan: hekta ɗaya da rabi ce ta rage, ta ɗayan gefen fadama ce ba ta shiga lissafi, kuma ƙarshen wata za a rufe rubutu.

Hajo ta koya wa mijinta ciniki kamar yadda ake koya wa amarya tuwo. Kada ya fara faɗin kuɗi. In akawun ya tashi da fushi, ya raka shi ƙofa da fara'a, kada ya kira shi. Kuma kafen bana da ke kan bishiya nasu ne, sai sun tsinke. Akawun ya zo Boromakote sau uku. Zuwan farko ya yi dariya ya ce ko duka ko babu. Na biyu ya ambaci kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ce akwai hanyoyin da ake karɓar ƙasa ba da ciniki ba. Mati ya ce takardarsa daga biron kumandan ɗin ta fito, ya raka shi ƙofa. Zuwa na uku saura kwana shida wata ya ƙare, aka sallama hekta ɗaya da rabi a kan jika goma.

Sashen ƙasa aka yanka, wanda ke jingine da wayar Baturen. Nan ne Mati ya fara sarewa, nan ne bishiyoyinsa na fari, waɗanda suka fi kowanne 'ya'ya. Hajo ta rufe murhu kwana huɗu, ta tara matan gidansu, suka je suka tsinke su tas. Da suka gama ta ce tun da an zo, a haura gonar tsoho, suka kwashe masa abin da bai riga ya lalace ba. Ranar da masu awo suka zo da sarƙarsu, Mati ya tsaya daga nesa har aka buga turaku. Shi da Hajo suka kamo hanyar gida. Da suka iso ta ɗora masa ruwan zafi, ta zauna tana cire masa ƙaya a tafin ƙafa da allura.

Daga cikin kuɗin ya ware kashi ɗaya cikin uku ya kai wa Mobiyo. Tsohon ya ɓata rai irin yadda Mati bai taɓa gani ba, ya ce shi ba a biyansa sau biyu, ragon nan tuni ya cinye shi. Mati ya bari ya huce. Sannan ya ce ya ji ana sakin mutum daga wajen katako in aka biya wanda zai tsaya a madadinsa.

"Ba naka ba ne, Baba. Na Ake ne. In ya dawo ya ƙi karɓa, sai ya mayar mini da kansa."

Mobiyo ya daɗe yana kallon ƙullin. Matarsa ce ta fito daga madafa ta ɗauke shi. Bayan mako biyu Ake ya dawo, ya rame, da gyambo a ƙwauri, amma da ƙafarsa ya shigo gari.

Babani da ya ji yadda aka yi, ya ce Mati ya yi wauta rabi, Hajo ta yi wayo rabi, ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Duk da haka shi ya haɗa ta da ayarinsa na goro mai tafiya arewa, ya kuma ba da ƙwarya biyu ta farin goro a kai wa tsohuwa. Mati ya raka ta tasha, ya sa ta a jirgin ƙasa mai zuwa Bobo, ya yi ta maimaita mata inda za ta sauka da motar da za ta shiga, har ta ce masa ai ta taɓa yin hanyar nan, kuma a lokacin ba shi ya rako ta ba.

Wata bakwai ta yi. A cikinsu yaƙi ya ƙare, Mai Lofe ya karɓi tallafinsa, 'yan keke suka daina yawo, ƙasar hanyar Abobo ta koma ba mai tambayar kuɗinta. Mati da Ake suka haɗa hannu, yau a gonar wannan gobe a ta wancan. Ko tamma ɗaya ta gwamnati ba ta shiga hannun ɗayansu ba. In an yi zancen a masallaci, Mati yakan ce shi dai nasa tallafin ta bayan gida ya shigo, kuma mace ce ta buɗe masa ƙofa.

Ranar da Hajo ta sauka daga jirgi, tun daga nesa ya ga farin mayafin da ta yafa ya gane. Suka samu gefen tasha suka zauna a kan kayanta. Ta ce ta tarar da tsohuwa da rai. Ba ta gani, amma da ta yi sallama ta kira sunanta, ta shafa fuskarta ta ce manjan kurmi ya karɓe ta. Wata huɗu suka yi tare, ita ke dama mata fura, ita ke yi mata kitso, kuma a kan cinyarta ta cika. Ta ce tsohuwa ta sa masa albarka, ta ce a gaya masa ta yafe masa ɗauke mata 'ya da ya yi. Mati ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Hajo ta dube shi sama da ƙasa ta tambaya ko wa ya ɗinke masa wuyan rigar nan da baƙin zare, ya ce shi ne, ta ce ta gani.

Kwana uku bayan haka aka yi sadaka a Boromakote. Malamai suka cika tsakar gida, Babani ya ƙetaro da mutanensa. Ana shirin farawa sai ga Mobiyo da matarsa a ƙofa, shi ya yafa babban zanensa na biki, ita da ƙullin busasshen kifi da nonon ayaba a ka. Shekara goma suna tare da Mati, tsohon bai taɓa tako unguwar ba. Matar ta wuce ɗaki wajen Hajo, aka jiyo su suna gaisawa, kowace da harshenta. Mati ya shimfiɗa wa Mobiyo buzunsa kusa da liman. Da aka ɗaga hannuwa, tsohon ya duba dama ya duba hagu, ya buɗe nasa tafukan kamar yadda ya ga ana yi, ya riƙe su haka har aka shafa.

Bayan an watse ya ƙi tafiya sai da ya ga Hajo. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce wa Mati ya gaya mata da harshensu cewa uwa ba ta ƙarewa a ƙasar da mutum yake da gona, ga matarsa nan, ta riƙe ta. Mati ya faɗa mata. Hajo ta share ido da gefen mayafi, ta ce a ce masa ta ji ta gode, kuma kada ya kuskura ya kama hanya da rana tsaka haka bai ci komai ba.